Sawun Mutum Ɗaya a Lakar Barking

An sace kwalekwalen Alhaji Saani da sanyin safiyar wata Laraba, kuma kafin shayi ya huce kowa a yadin jiragen ruwan nan na Barking, a gabashin London, ya riga ya san ɓarawon, ko da yake ba wanda ya ga komai.

Kwalekwalen ba wani abin a zo a gani ba ne. Na roba ne, irin wanda ake hura wa iska, ruwan toka, da baƙin faci a kunci ɗaya. Amma da ka san wahalar da Alhaji ya sha kafin ya same shi, ba za ka raina shi ba. Mutumin ya yi ritaya daga tuƙin bas, ya tattara abin da ya samu ya sayi wani tsohon jirgin ruwa mai tafiya da iska, ya daɗe yana gyara, da niyyar ya bi gaɓa gaɓa har Takoradi ta ƙasar Ghana, inda ya yi aikin jirgi yana saurayi. To, jirgi irin wannan ba ya matsowa bakin tudu. Can nesa yake jefa ƙarfe ya tsaya, sai da ƙaramin kwalekwale mutum zai sauka ya sayo ruwa da burodi. Sabo kuwa, in aka faɗa maka kuɗinsa sai ka riƙe baki. Tun farkon bazara Alhaji yake yawo, yau yana jirgin ƙarƙashin ƙasa har ƙarshen layi, gobe yana Essex. Ya ga mai yoyo, ya ga wanda ɓera ya ci, ya je wani gida mai kayan ya fasa sayarwa yana tsaye a bakin ƙofa. Da ƙyar ya dace da wannan a wurin Aziz, mai gwanjon kayan jirgi.

Ga kuma lokaci ya matse. Jirgin a laka yake zaune, ba ya tashi sai ruwan teku ya yi babbar cikowa, kuma ta ƙarshe kafin sanyi ita ce ta ranar Asabar. In ta wuce, sai baɗi. Alhaji kuwa ya ga yadda likitan zuciyarsa yake kallon ƙasa in an ambaci baɗi.

Damaris, matar da ke kula da yadin, ta duba get biyu ta ga ba a fasa ko ɗaya ba. Ke nan mai makulli ne. Sai idanu suka juya can ƙarshen yadin, inda Zion, wani mutumin Jos da ba ya shiga harkar kowa, yake kwana a wani ruɓaɓɓen jirgin dakon kaya. Ba shi da aikin kirki, kuma kowa ya tuna ranar da suka yi cacar baki da Alhaji a kan wurin ɗaure igiya.

Alhaji ya ciro waya ya kira Malam Almu.

*

Malam Almu mutumin Ɗansadau ne. Ubansa mai bin sawu ne, irin waɗanda in an kore shanu ake zuwa a ɗauke su daga gida, kuma shi ma ya koya tun bai kai riƙe garma ba. Sai rayuwa ta kawo shi London a bayan matarsa Karimatu, da ta samu aikin jinya. Ya yi gadin wurin ajiye motoci har ƙafa ta gaji. Karimatu ta rasu. 'Yarsu Muhibbat tana Manchester, in ya yi mata Hausa a waya sai ta amsa da Turanci, cikin ladabi, a gurguje. Flat ɗinsa yana can hawan sama, yakan wuni bai ji muryar kansa ba in ba a salla ba. Ga gari duk siminti da kwalta, mutum dubu su wuce ba wanda zai bar alama.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya. Kowace yamma yakan shiga bas ya zo yadin, su zauna a cikin jirgin Alhaji, butar shayi a tsakani, Alhaji na ɗaure-ɗaure yana zuba Hausarsa ta zangon Kumasi wadda ba ruwanta da mace ko namiji, shi kuwa yana dariya. Ranar da jirgin nan ya tafi, wannan ma ya ƙare. Don haka da ya ji an sace kwalekwalen, wani abu ya yi masa sanyi a ƙirji, har ya ji kunyar kansa ya yi istigfari a bas.

"Sarkin Sawu," Alhaji ya ce da ya gan shi, "kullum kana mini kurin ƙasa tana magana da kai. To ga ƙasa nan."

"Ku dai matsa baya," in ji Almu. "Kun tattake rabin maganar."

An yi ruwan sama da dare, ƙasar ta yi laushi. Almu ya naɗe wando ya tsuguna a gangaren da ake ajiye kwalekwalen. Igiyar da aka ɗaure shi da ita tana nan, ba a yanke ta ba. An kwance ta, an naɗe tsaf, an rataye a turke. Filafilan tuƙi biyu suna jingine, famfon hura iska yana wurinsa.

"Wannan wane irin ɓarawo ne?" ya ce a ransa. Mai son sayarwa ba zai bar famfo da filafilai ba, su ne rabin cinikin.

A kan laka akwai shaidar inda aka sace iskar, aka kwantar da robar aka ninke ta. Daga nan sai wani faffaɗan ja da ya nufi jirgin Zion. Su Damaris sun riga sun gan shi, shi ne ma suke ta nunawa da baki.

*

Zion yana zaune a kan bokiti yana ɓare albasa. Bai tashi ba.

"Baba, kai ma an aiko ka?"

"Ni ba a aikena. Ina kwana?"

"Lafiya. Ka shiga ka duba, ba sai ka yi kwana-kwana ba."

Almu bai shiga ba. Ya bi jan nan da ido har bakin tsani, ya sa yatsa a ciki. Tsakiyarsa ta yi zurfi, gefe ya tashi, ga ɓurɓushin jan fenti.

"Tukunyar gas ka jawo."

Zion ya ɗago. "Jiya da yamma. Bayana ba ya ɗaukar kaya."

"Kafin ruwan sama ke nan. Ga ɗigon ruwa nan a cikin jan. Wanda ya ninke kwalekwale kuwa bayan an ɗauke ruwa ya zo." Almu ya goge yatsa a ciyawa. "Da asuba ka ji wani abu?"

"Na ji kamar iska tana fita daga taya. Na ɗauka Baba Saani ne, shi da kayansa. Na leƙa ta taga na ga takalmansa, waɗannan na ruwa masu ruwan ɗorawa. Sai na koma na kwanta."

"Ka faɗa musu?"

Zion ya yi wata dariya marar daɗi. "Wa ya tambaye ni? Damaris ta ce committee zai zauna ranar Juma'a. In sun kore ni daga nan, Baba, sai ƙarƙashin gada. Hukumar council ba ta san da ni ba."

Almu ya dube shi, ya dubi tukunyar da take ta mutum ɗaya, da cokali ɗaya a cikin kofi. Ya san irin wannan ɗakin girkin, nasa ma haka yake.

*

Aziz yana da rumfa a bayan wani gareji, cike da tsofaffin igiyoyi da injuna. Tun a yadin ake raɗe-raɗin wai yakan sayar da kaya da rana ya dawo ya ɗauke da dare. Da Almu ya shiga kuwa sai ga kwalekwale ruwan toka a ninke a kan kanta.

"Buɗe mini wannan," ya ce da Turancinsa na tsohon maigadi.

Aziz ya buɗe yana ƙunƙuni. Ba faci a kunci, sai wata doguwar tsaga a ciki da za ka iya zura hannu.

"Wannan ko kaza ba zai ɗauka ba," in ji Aziz. "Wancan na tsohon shi ne mai kyau ɗaya da na samu bana, kuma na sakar masa ne don ya ishe ni da zarya. In ka ga wanda ya ɗauka, ka ce masa nauyinsa ya kai na buhun shinkafa babba. Ni da shi muka kama muka sa a mota, har yanzu kafaɗata tana gaya mini."

"Mutum ɗaya ba zai ɗauka ba?"

"Zai ja shi a ƙasa, ko ya rungume ya yi taku kaɗan ya yar."

Almu ya fito yana juya maganar. A lakar yadin ba inda aka ja roba, ba inda aka yar.

*

Ya koma yadin da la'asar, mutane sun watse. Sai yanzu ya samu ya yi aikinsa yadda ubansa ya koya masa, rana a gefe, inuwa tana cika kowane rami.

Ga sawun nan. Takalmin ruwa ne babba, mai tsaga a dunduniyar hagu, kuma Almu ya san tsagar nan kamar yadda ya san tafin hannunsa. Na Alhaji ne. Ya zauna a kan wata 'yar katanga. Ashe tsohon nan tsoro ya kama shi? Ya ga Asabar ta matso, ya ga teku ba wasa ba ce, ya ɓoye kayansa da hannunsa don kada a ce ya fasa? Wallahi Almu ya so a ce haka ne. Sai su rufa wa juna asiri, su ci gaba da shan shayi har sanyi ya wuce.

Amma ƙasa ba ta bar shi ya more wannan tunanin ba. Alhaji dogo ne, takunsa mai faɗi. Wannan takun gajere ne, kuma bakin takalmin bai nutse ba, kamar ƙafar da ke ciki ba ta kai can ba. Ƙafar dama tana ɗan jan ƙasa. A gindin katangar da yake zaune ma akwai sawu biyu a jere, sun nutse ƙwarai, ga kuma gogar roba a saman siminti. Wani ya mirgina kayan ya ɗora a katanga, ya tsuguna a ƙarƙashinsu, ya miƙe. Daga nan sawun ya tafi ɗoɗar kamar an ja zare, ba tangaɗi, ba hutu, har get ɗin baya.

Almu ya bi. A bakin get ɗin, inda ƙaya ta yi duhu, tayoyin keken cefane biyu suka karɓi aikin suka hau kwalta, magana ta ƙare. Sai ya hango wani abu a maƙale cikin ƙayar. Ya zaro shi a hankali.

Gammo ne. Tsohon ɗankwali aka murɗa aka naɗe, aka cusa jelar a ciki, ya baje saboda nauyi.

Ya daɗe yana riƙe da shi. Rabonsa da ganin gammo tun yana gida. A duk faɗin yadin nan, da Turawansa da 'yan Asiyansa, ba wanda zai yi tunanin ɗora kwalekwale a ka. Wannan aikin wanda ya ci abinci da wuyansa ne.

*

Gidan Alhaji yana cikin jerin gidajen nan masu manne da juna, ba nisa da kogin. Alhaji ya tafi masallaci, matarsa Hajiya Anatu ce ta buɗe wa Almu, tana ɗingisa ƙafar dama kamar kullum.

"Malam, shigo. Alhaji ya ce kai ne ɗan sanda yanzu."

"Wane ni, Hajiya. Ina gajiya?"

"Gajiya ya bi lafiya. Zauna, wake da shinkafa ya nuna."

Ya zauna a ɗakin girkin. Takalman ruwan suna bayan ƙofa, an wanke su tas, abin da Alhaji bai taɓa yi ba tun da ya saye su. Ya tambaye ta ko Alhaji ya fita da asuba. Ta ce ya fita masallaci, kuma ya san halinsa, ba ya dawowa sai rana ta fito. Makullin yadin fa? Yana nan a ƙusa, inda yake kullum.

Tana magana tana neman inda za ta sauke tukunya. Sai ta ja tawul ɗin hannu, ba ta ko kalla ba, ta murɗa shi, ta naɗe a yatsu, ta cusa jelar a ciki, ta ajiye a tebur ta ɗora tukunyar. Hannun ne ya yi abinsa.

Almu ya kalli tawul ɗin. Ta kalli inda yake kallo.

"A Kumasi," ta ce a hankali, "ina yarinya, dako na yi a kasuwa. Doya, gawayi, har injin ɗinki na ɗauka."

"Na gani, Hajiya."

Ta zuba masa abinci, ta tura masa yaji. Ba ta roƙe shi ba, ba ta yi kuka ba.

"Malam, in ya tafi, wa zai dafa maka shayi?"

Tambayar ta same shi a inda ba ya so. Ya ci loma biyu don kada ya raina mata girki, ya yi godiya, ya fita.

Kwana biyun da suka biyo baya bai je yadin ba. Ya zauna a flat yana kallon jiragen ƙasa suna wucewa ta taga. In ya yi shiru, Asabar za ta wuce, abokinsa zai zauna, ba wanda zai ce ya yi ƙarya, don ba wanda ya san abin da ya gani. Sai dai duk lokacin da ya kai nan a tunani, sai ya ga cokalin Zion a cikin kofi.

*

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallacin Regent's Park, suka taru a rumfar yadin. Damaris tana kan tebur da mutum biyu na committee. Aziz ya zo don a wanke sunansa. Zion yana tsaye a bakin ƙofa, hannu a aljihu, ya riga ya ɗaure kayansa a jaka. Alhaji ya rame a kwana biyu. Hajiya Anatu ta kawo ƙosai a kwano kamar yadda takan yi, ta zauna a gefe.

"Mista Almu," Damaris ta ce da Turanci, "in kana da magana ka yi, in babu mu yanke."

Almu ya miƙe.

"Jan da kuka gani na tukunyar gas ne, kuma an yi shi kafin ruwan sama. Zion bai taɓa kwalekwalen nan ba. Aziz bai zo da mota ba, ba tayarsa a ƙasa. Wanda ya ɗauka bai yanke igiya ba, ya naɗe ta. Ya bar famfo da filafilai, don ba sayarwa zai yi ba. Ya sa takalmin Alhaji, amma ƙafarsa ba ta cika shi ba."

"To waye?" in ji Alhaji. "Malam, kada ka ja mini rai."

Almu ya zaro gammon daga aljihun rigarsa ya ajiye a tebur. Damaris ta juya shi da bakin biro, ta ce mene ne wannan. Zion ya gane, ya sunkuyar da kai. Alhaji ma ya gane, ya kuma gane ɗankwalin.

Hajiya Anatu ta tashi, ta ɗingiso, ta ɗauki gammon ta warware shi ta kakkaɓe.

"Yana ɗakin ajiya a bayan gida, ƙarƙashin tsohon kafet. Ban huda shi ba." Ta juya wajen Zion. "Ɗana, ka yafe ni. Na ji ana kiran sunanka na yi shiru. Wannan alhakina ne."

"Anatu," Alhaji ya ce, kamar ba muryarsa ba. "Ke? Kin san yawon da na yi."

"Na sani. Ranar da ka kawo shi kana murna ka samu da araha, a falo ka hura shi. Ka ce in shiga in zauna, in saurara ko iska yana fita. Na shiga, Alhaji. Na zauna."

"To me ya faru?"

"Abdul-Majeed."

Sunan ya faɗo rumfar kamar an saki kwano. Almu ya san labarin sama-sama. Ɗanta ne na auren fari, wanda ta bari a Kumasi da niyyar za ta ɗauko shi, takarda ta ƙi. Ya gaji da jira ya bi ta Libiya zai tsallaka teku, daga nan ba a sake jin sa ba.

"Kai jirgi ka ji an ce ya shiga," ta ci gaba. "Ni na gani. Ya turo mini hoto daga bakin ruwa, yana dariya, ya dafa shi. Irin wannan ne. Ruwan toka, har da faci. Ya ce Mma, na samu mai araha, gobe zan kira ki." Ta naɗe ɗankwalin a hannu. "Har yau ba na kashe waya in zan kwanta."

Damaris ba ta jin Hausa, amma ta ajiye bironta. Alhaji ya zauna a kan benci, ya cire hula, ya rufe fuska da ita. Babban mutum, ƙato, kafaɗunsa suna rawa.

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi ban haɗa ba. Na fasa, Anatu. A sayar da jirgin."

Almu ya ji zuciyarsa ta yi tsalle, Allah ya yafe masa. Ga shi ya faɗi gaskiya, kuma ga abokinsa zai zauna.

"Ba ka fasa ba," in ji Hajiya. "Kwana biyu na gan ka ba kwalekwale, ka zama kamar wanki a igiya. In ka zauna, a kujera za ka mutu kana kallon taga, kuma ni na kashe ka. Za ka tafi. Amma ni na gama jiran waya. Ka gyara mini wuri."

"Ke da ko wanka a teku ba ki taɓa yi ba?"

"In ruwa zai ci, ya ci mu tare. In bai ci ba, zan ga Kumasi."

Damaris ta tambayi Almu me aka yanke. Ya ce mata an samu kayan, ba sata ba ce, maganar gida ce. Ta je ta ba Zion hannu, shi kuwa ya daɗe kafin ya zaro nasa daga aljihu.

*

Asabar ta zo da rana mai haske da iska mai ɗan sanyi. Zion da Aziz suka ce za su kama kwalekwalen daga get, Hajiya ta ce a'a, yadda ya fita haka zai koma. Ta murɗa ɗankwalin, ta tsuguna a gindin katanga, ta miƙe da shi a ka, ta taho ɗoɗar, Turawan yadin suna kallo baki buɗe. Alhaji ya hura shi a gangare. Ruwa ya riga ya fara ɗaga jirgin daga laka, kuma da ta so da ta bi gadar katako ta shiga abinta. Ta ce ta cikin wannan abin za ta shiga.

Su uku suka gangara bakin ruwa, Almu yana riƙe da igiya. Hajiya ta tsaya tana kallon robar, leɓɓanta suna motsi. Ta yi bismilla ta sa ƙafar dama, ta zauna, ta kama igiyoyin gefe da hannu biyu.

Alhaji ya rungumi Almu. "Sarkin Sawu, da ka yi shiru da ban sani ba har in mutu."

"Da na yi shiru da ina da wurin shan shayi," in ji Almu. Ya yi dariya don a ɗauka wasa ne.

Alhaji ya koma cikin kayansa ya zaro butar shayin nan tasu ya danƙa masa. "Akwai wani a jirgi. Wannan ya saba da kai."

"Allah ya kiyaye hanya. Hajiya, a gaida Kumasi."

"Malam, ka riƙa cin abinci," ta ce, ba ta saki igiya ba.

Almu ya jefa musu igiyar. Alhaji ya tuƙa suka zagaya bayan jirgin, ya taimaka mata ta hau, ya ɗaure kwalekwalen a baya. Injin ya yi tari ya kama. Jirgin ya juya a hankali ya bi kogin, kwalekwalen yana binsa a baya yana rawa kamar ɗan akuya, har suka sha kwana wajen manyan rumbunan nan, ba a ƙara ganinsu.

Almu ya hau gangaren. Da ya kai sama sai ya waiwaya, don mai bin sawu ba ya iya barin ƙasa bai duba ba. Sawu uku sun gangara, dogon taku, da gajere mai jan ƙafar dama, da nasa. Ɗaya ne ya dawo. Ruwa yana ta hauhawa, ya cinye na ƙasa, yana lasar na tsakiya. Ya tsaya har ya ga ya rufe su, idonsa ya cika, bai goge ba.

Can ƙarshen yadin Zion yana kwance jakarsa. Ya ɗago masa hannu, Almu ya ɗaga nasa. Ya yi kamar zai nufi can, sai ya ga bai san me zai ce ba, ya bar shi sai wani jiƙon.

A bas ya zauna kusa da taga, kujerar gefensa ba kowa. Ya ɗora butar a cinya ya riƙe da hannu biyu, har yanzu da sauran ɗuminta.